Wane Kaisar Ne Mai Kuɗin? Darasi a Kan Shari'un Harajin VAT

Akwai wani haraji da kowa a makarantar nan yake biya, tun daga ɗalibin aji ɗaya har shugaban makaranta, amma ba wanda ya taɓa ganin fuskar mai karɓarsa. Ba a buga ƙofa a tambaye shi, ba a tare mutum a hanya a ce ya nuna takardarsa. Duk ranar da muka sayi sabulun wanka, ko batir, ko lemon kwalba, ko katin waya, mun biya shi ke nan, gama yana kwance cikin farashin kayan. Sunansa VAT. A wannan darasi muna so mu duba yadda aka yi ta kai ƙara a kansa, shi da harajin da ya gada, tun daga 1982, mu ga abin da alƙalai suka faɗa da kuma abin da suka bari ba su faɗa ba. Maganar ta shafe mu, domin da rabon wannan kuɗi ne jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suke cika albashin malaman firamare da na ma'aikatan asibiti.

Kafin mu shiga kotu, bari mu rarrabe haraji iri biyu. Akwai na kai-tsaye, wanda ake ɗora wa mutum da sunansa. Kakanninmu sun san shi sarai: harajin da dagaci ke tarawa gida-gida, da jangalin da ake ƙirga shanu a karɓa, har makiyayi yakan kora garkensa cikin daji in ya ji masu ƙirga sun taso. A 1979 ne gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke su biyun a jihohinsu. Abin da ake cirewa daga albashin malamanmu kowane wata shi ma na kai-tsaye ne. Akwai kuma na fakaice, wanda ba a ɗora wa mutum, sai dai a ɗora wa kaya ko aiki. Ɗan kasuwa ne ke miƙa wa gwamnati kuɗin, amma ba daga aljihunsa ba, ya riga ya ƙara shi a kan farashi. Kuɗin kwastan irin wannan ne. Shi ma ba baƙo ba ne: fatake sun biya kuɗin fito a bakin kogi da ƙofar birni tun kafin zuwan Turawa. Matiyu ma, kafin a kira shi ya zama almajiri, a Kafarnahum yake zaune yana karɓar irin wannan kuɗi a kan kayan da ke wucewa.

Tun da mun ambaci Matiyu, duk mai zuwa sujada ya san tambayar da Farisiyawa suka kawo wa Yesu a kan biyan haraji, da amsar da ya ba su bayan ya sa an nuna masa kuɗin. A can Kaisar ɗaya ne, hotonsa kuwa yana kan dinarin. A ƙasarmu masu mulki hawa uku ne, watau Gwamnatin Tarayya, da jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774. Mutum yana iya yarda da zuciya ɗaya cewa biyan haraji wajibi ne, duk da haka ya tsaya da kuɗin a hannu yana tambaya, wa zan ba? Za mu ga wani otal da ya kai wannan tambaya har Kotun Ƙoli.

Yadda harajin yake aiki

VAT gajeren suna ne na Turanci, ma'anarsa haraji a kan darajar da aka ƙara wa kaya. Faransa ce ta fara shi a 1954, daga baya ƙasashe da yawa suka bi sahu. A Nijeriya ya fara da kashi 5 cikin 100, a Fabrairu 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5.

Don sauƙin lissafi, a ce masana'anta ta sayar wa ɗan sari sabulu na naira 1,000. Za ta ƙara naira 75, ta miƙa wa gwamnati. Ɗan sari ya sayar wa babban kanti a kan naira 1,200, ya ƙara naira 90. To, ba 90 ɗin duka zai miƙa ba. Zai cire 75 da ya riga ya biya a masana'anta, ya miƙa 15. Mai kanti ya sayar mana a kan naira 1,600, ya ƙara naira 120, ya cire 90 da ya biya ɗan sari, ya miƙa 30. In muka tara 75 da 15 da 30, sun zama 120, daidai abin da ya fita daga aljihun wanda ya sayi sabulun don ya yi wanka. Sauran duk 'yan aike ne. Ku riƙe wannan lissafi, za mu sake bukatarsa.

Ba kowane kaya ake ɗora wa harajin ba. Tun farko doka ta tsame abinci na yau da kullum, da magunguna, da littattafai, dokar kuɗi ta 2019 kuma ta ƙara da kuɗin koyarwa a makarantu. Wannan tsamewa ita kanta takan haifi shari'a, domin kowane ɗan kasuwa yana so a ce kayansa na cikin waɗanda aka tsame. A Ingila, a 1991, sai da aka zauna shari'a a kan wani abin maƙulashe mai suna Jaffa Cakes, ko kek ne ko biskit, domin dokarsu ba ta karɓar VAT a kan kek amma tana karɓa a kan biskit mai cakulan. Cikin hujjojin da aka duba har da cewa kek in ya kwana biyu yakan bushe ya yi tauri, biskit kuwa sai ya yi laushi. Aka yanke cewa kek ne. A nan gida, a Satumba 2020, kotun ƙararrakin haraji ta zauna a Binin ta ce ana biyan VAT a kan kuɗin hayar ginin kasuwanci, cikin makon nan kuma takwararta ta Legas ta ce ba a biya. Sai da Majalisa ta gyara dokar a ƙarshen shekarar, ta fitar da fili da gini daga ciki. Irin waɗannan rigingimu suna da yawa, amma babbar rigimarmu ba a kan kaya take ba. A kan mai ikon karɓa take.

Abin da tsarin mulki ya rubuta

Ɗaliban ajin Gwamnati sun san cewa tsarin mulkinmu ya raba iko ta hanyar jeri biyu. Jeri na farko ya ƙunshi abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar soja da kuɗin ƙasa. Na biyu ya ƙunshi waɗanda tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu. Abin da bai shiga ko ɗaya ba, ragowa ke nan, na jihohi ne. In kuma dokar jiha ta yi karo da halattacciyar dokar tarayya, sashe na 4 ya ce ta tarayya ce a sama.

A jeri na farko na tsarin mulkin 1999 za mu ga kuɗin kwastan a gaɓa ta 16, harajin hatimin takardu a ta 58, harajin albashi da riba a ta 59, sa'an nan ciniki da kasuwanci a ta 62, musamman tsakanin Nijeriya da ƙasashen waje da kuma tsakanin jiha da jiha. Ku duba daga sama har ƙasa, ba za ku ga VAT ba, ba za ku ga harajin saye da sayarwa ba. Tsarin mulkin 1979 ma haka ya yi shiru. Daga wannan shiru ne dukan shari'un suka tsiro.

Alhaja Aberuagba da Jihar Ogun

A 1982, zamanin mulkin farar hula na biyu, Jihar Ogun ta yi dokar harajin sayarwa. Ta ɗora shi a kan wasu kayayyaki da ake shigowa da su jihar, irin su man fetur, da giya, da taba, da fenti, ta ce 'yan sari su riƙa tarawa. Sai wasu 'yan sarin giya, da Alhaja Ayinke Aberuagba a gaba, suka kai ƙara cewa jihar ba ta da wannan iko. Kada mai karatu ya tsaya a kan irin hajarsu. Kotu ba ta zauna don ta auna kyan giya ko muninta ba, ta zauna ne don ta auna iyakar ikon gwamnati, kuma abin da ta yanke a kan giya ya hau kan siminti da sukari.

Allura ta tono garma. A 1985 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, wanda ya karanta babban hukuncin kuwa shi ne Mai Shari'a Muhammad Bello, mutumin Katsina, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 1987. Kotun ta raba maganar biyu. Cinikin da ke tsallake iyakar jiha ko iyakar ƙasa na tarayya ne, saboda haka Ogun ba ta da ikon ɗora haraji a kan kaya don kawai an shigo da su daga wata jiha, haka kuma ba ta da ikon ƙara wa kayan da tarayya ta ƙayyade farashinsu. Amma cinikin da ke farawa ya ƙare cikin jiha, wannan na jiha ne, tana iya sa masa haraji. Ogun ta sha kaye, amma jihohi sun fita da wani abu a hannu. Abin sha'awa shi ne, tun daga ranar, duk wanda ya je kotu a kan wannan magana, ko lauyan tarayya ko na jiha, da wannan hukunci yake kafa hujja, kowa yana ɗaukar rabin da ya yi masa daɗi.

Lokacin da hukuncin ya fito, soja sun riga sun karɓi mulki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta yi dokar soja mai lamba 7, wadda ta daidaita harajin sayarwa a dukan ƙasa, jihohi suna karɓa. A 1993 aka soke ta da dokar soja mai lamba 102, wadda ta kawo VAT, aka fara karɓa a Janairu 1994, zamanin Janar Abacha. Hukumar tara haraji ta tarayya ce ke karɓa, a tara wuri ɗaya, a raba. Da farko kashi 80 na jihohi ne, abin da ke nuna cewa masu dokar sun san gadon wa suka taɓa. Daga 1999 rabon ya tsaya a kan kashi 15 na tarayya, 50 na jihohi, 35 na ƙananan hukumomi. A zamanin soja ba mai tambayar ko tarayya tana da ikon yin haka, gama dokar soja tana bisa tsarin mulki. Amma ranar 29 ga Mayu 1999 mulki ya koma hannun farar hula. Sashe na 315 na sabon tsarin mulki ya ce tsofaffin dokoki za su ci gaba a matsayin dokokin Majalisar Tarayya, amma gwargwadon yadda Majalisar take da ikon yin doka a kan abin da suka ƙunsa. To, tana da ikon yin doka a kan sabulun da aka yi a Legas aka sayar a Legas?

Tambayar da aka yi ta kewayewa

Jihar Legas ce ta fara yin wannan tambaya gadan-gadan. A 2008 ta tafi Kotun Ƙoli kai tsaye tana neman a ce dokar VAT ta saɓa wa tsarin mulki. Aka yi shekara 6 ana jira. A 2014 kotun ta kori ƙarar ba tare da ta taɓa tambayar ba. Ta ce wannan rigima ce a kan kuɗin shiga da aikin wata hukumar tarayya, saboda haka a Babbar Kotun Tarayya ya kamata a fara. Ɗalibin da ke sha'awar aikin lauya ya lura da wannan. Kafin kotu ta saurari wanda yake da gaskiya, sai ta fara tabbatar da cewa ita ce ya kamata ta saurara, kuma wanda ya shiga ta ƙofar da ba daidai ba sai ya koma waje, ko da shekara nawa ya yi a layi.

Sai kuma otal ɗin da muka ambata. Eko Hotels da ke Legas ya sami kansa gaba kura baya sayaki. Hukumar tarayya tana neman kashi 5 na VAT a kan abin da baƙi suka ci suka sha, Jihar Legas ita ma tana neman kashi 5 na harajin sayarwa a kan abu ɗaya. Otal ɗin bai ce ba zai biya ba. Ya roƙi kotu ne ta gaya masa wanda zai ba. Aka yi fiye da shekara 10 ana hawa daga kotu zuwa kotu, sai a Disamba 2017 Kotun Ƙoli ta ce a ba tarayya. Dalilinta shi ne dokar VAT tana nan da ranta, ba kotun da ta soke ta, kuma ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a kan wannan magana, don haka dokar jiha ba ta da wurin zama. Ta kuma ce karɓar haraji biyu a kan kaya ɗaya daga mai saye ɗaya ba daidai ba ne.

Mutane da yawa sun ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin ba a tambayi kotun ko dokar VAT ita kanta halattacciya ce ba. An tambaye ta wa za a ba tsakanin masu nema biyu, ta amsa wannan ta yi shiru. Alƙali ba ya amsa abin da ba a kawo gabansa ba, kuma a ganinmu wannan ladabi ne mai kyau ko da yake yana jawo jinkiri.

Kada mu ɗauka jihohin kudu ne kaɗai suka yi kwaɗayin harajin kansu. A 2017 Jihar Kano ta sa nata harajin na kashi 5 a kan abin da ake saye a otal-otal da gidajen abinci da makamantansu. 'Yan kasuwa suka kai ƙara, a 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke shi, da hujja iri ɗaya da ta shari'ar Eko.

Hukuncin Fatakwal

Jihar Ribas ce ta shiga ta ƙofar da Kotun Ƙoli ta nuna, ta kuma yi tambayar da ba a yi ba. Ranar 9 ga Agusta 2021, Mai Shari'a Stephen Dalyop Pam na Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ya yanke cewa tsarin mulki bai ba tarayya ikon ɗora VAT ba. Ya duba gaɓa ta 58 da ta 59, ya ce harajin da aka ba tarayya an ambace su da sunansu, VAT kuwa ba ya ciki, saboda haka a Ribas jihar ce mai ikon karɓa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Ranar 19 ga Agusta Gwamna Nyesom Wike ya sa hannu a dokar VAT ta jiharsa. Majalisar Legas ta yi tata, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu ranar 10 ga Satumba. Hukumar tarayya ta ce wa 'yan kasuwa su ci gaba da biyanta, gwamnatin Ribas ta ce duk wanda ya ƙi biyanta za a rufe masa wurin sana'a. Ku tuna ɗan kasuwa ɗan aike ne kawai, ga shi an bar jaki ana dukan taiki. A ranar 10 ga Satumbar nan ce Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta ba da umarni kowa ya tsaya inda yake kafin rigimar, har a saurari ƙarar da aka ɗaukaka. Da wannan umarni hukumar tarayya ta ci gaba da karɓa.

Me ya sa zuciya ta yi zafi haka? Lissafi ne. Gwamna Wike ya ce a watan Yuni 2021 an tara kimanin naira biliyan 15 a jiharsa amma biliyan 4.7 aka mayar mata, alhali Kano ta tara biliyan 2.8 ta kuma karɓi 2.8. Tun a 2017 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ce kashi 55 na VAT daga Legas yake fitowa, kashi 20 daga Abuja. Wasu kuma suka kawo maganar giya: yaya jihar da ke fasa kwalaben giya za ta karɓi rabo daga harajin giyar da aka sha a wata jiha? Wannan tambaya tana da nauyi, bai kamata a share ta da fushi ba.

Amma lissafin yana da rami, kuma ya kamata ɗalibanmu su iya nuna shi. Manyan kamfanoni, irin na waya da bankuna, sukan biya VAT ɗinsu duka daga babban ofishinsu, yawancin ofisoshin kuwa a Legas suke. Wanda ya sayi katin waya a Zonkwa ko Mubi ko Shandam, daga aljihunsa harajin ya fita, amma a takarda, kafin dokar 2025, sai a rubuta Legas ce ta tara. Bugu da ƙari, dawa da masara da doya da tumatir da ake lodi daga arewa zuwa kudu suna cikin abincin da aka tsame, don haka gumin manomi ba ya fitowa a littafin VAT ko kaɗan.

Akwai kuma matsalar sabulunmu. A ce masana'antar tana Ogun, ɗan sari yana Kaduna, kantin yana Jos. In kowace jiha ce ke karɓar nata, ɗan sari ya biya naira 75 ga Ogun. Da ya zo miƙa wa Kaduna, zai cire 75 ɗin ne? In ya cire, Kaduna ta yafe kuɗin da ba ita ta ci ba. In bai cire ba, haraji ya hau kan haraji, mai wanka a Jos ne zai ɗauki nauyin duka. Wannan ce hujjar da gwamnonin arewa suka kawo a taronsu na Kaduna a ƙarshen Satumba 2021, lokacin Gwamna Simon Lalong na Filato yana shugabansu. Suka ce ana rikita VAT da harajin sayarwa, kuma in kowace jiha ta yi nata, kaya za su yi tsada. Har wa yau ga hukuncin Aberuagba yana jira a gefe: ko da Ribas ta ci nasara har ƙarshe, kayan da suka tsallako daga wata jiha ko daga ƙasar waje ba za su shiga hannunta ba.

Mu a ganinmu, a wajen karanta kalmomin tsarin mulki, hujjar Ribas ba ta wasa ba ce, gama abin da ba a rubuta ba, ba a rubuta ba. A wajen tafiyar da harajin kuwa, hannu ɗaya ne ya fi dacewa ya karɓa. Sai dai mu 'yan arewa kada mu fake da wannan. Tsoron da ya kama jihohinmu a 2021 ya nuna yadda da yawansu suka dogara da abin da ake rabowa daga Abuja kowane wata, har hukuncin alƙali ɗaya a Fatakwal ya sa aka fara tunanin yadda za a biya albashi.

Daga kotu zuwa Majalisa

Hanya mafi sauƙi ta kashe rigimar ita ce a rubuta VAT cikin jeri na farko. An gwada. A Maris 2022, lokacin da Majalisar Tarayya ke jefa ƙuri'a a kan gyare-gyaren tsarin mulki, aka kawo wannan shawara, ba ta sami ƙuri'un da ake bukata ba.

A Oktoba 2024 Shugaba Bola Tinubu, wanda shi ne gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007, ya aika wa Majalisa ƙudurori huɗu na gyaran haraji. A ciki an nemi a riƙa ɗaga VAT kaɗan-kaɗan, a kuma raba kashi 60 na rabon jihohi bisa ga inda kuɗin ya fito. Kafin nan ana raba kason jihohi ne haka: kashi 50 daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, 20 bisa inda aka tara. Gwamnonin arewa da sarakuna suka taru a Kaduna a ƙarshen watan, suka ce ba su yarda ba. Aka yi ta ja-in-ja har Janairu 2025, lokacin da gwamnonin ƙasar duka suka daidaita a tsakaninsu. Shugaban ƙasa ya sa hannu a dokokin ranar 26 ga Yuni 2025, aka sa 1 ga Janairu 2026 ranar fara aiki da sabuwar dokar harajin. An bar VAT a kashi 7.5, an kuma bar karɓa a hannun hukumar tarayya, wadda aka sake wa suna. Dokokin nan dokokin Majalisa ne, ba gyaran tsarin mulki ba ne, saboda haka ba su taɓa gaɓa ta 58 da ta 59 da Mai Shari'a Pam ya dogara da su ba. Abin da suka taɓa shi ne rabo.

Bari mu gwada sabon rabon da naira 120 ta sabulunmu, mu ajiye ladan masu karɓa a gefe. A dā tarayya tana ɗaukar 18, jihohi 60, ƙananan hukumomi 42. A dokar 2025 tarayya ta koma kashi 10, watau naira 12, jihohi kashi 55, watau naira 66, ƙananan hukumomi suna nan da 42. Cikin 66 ta jihohi, 33 a raba daidai wa daida, naira 13 da kwabo 20 bisa yawan jama'a, naira 19 da kwabo 80 kuma bisa inda aka yi amfani da kayan. A dā wannan kaso na ƙarshe naira 12 ne, kuma yana bin inda kamfani ya biya. Yanzu dokar ta ce ya bi inda mai saye yake, shi ya sa aka wajabta wa kamfanoni su riƙa nuna, cikin bayanin da suke kai wa hukuma, wurin da aka yi amfani da abin da suka sayar. In kamfanin waya ya rubuta daidai, katin da aka saya aka yi kira da shi a Zonkwa zai shiga lissafin Jihar Kaduna, na Mubi ya shiga na Adamawa, na Shandam kuma ya shiga na Filato.